Amanar Mai Magani

Hausawa suna cewa lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Amma ran da ta yi ƙaura daga gida, sai ka ga mutanen gidan sun rabu biyu. Waɗansu su ce a kai majinyaci asibiti, waɗansu kuwa su ce a nemo saiwa da sassaƙe, ai da su kakanninmu suka rayu tun ba a ji sunan likita ba. Gardamar nan ta kan yi zafi har 'yan'uwa su ɓata, majinyaci kuwa yana kwance yana nishi. To, ya 'yan'uwana masu karatu, abin da na ke so mu duba shi ne, mutumin da ya ɗauki ran ɗan'uwansa a hannu da sunan magani, me ya wajaba a kansa? Mu kuma da mu ke miƙa 'ya'yanmu, wa ya cancanci mu ba shi amanar nan? Ba ma iya amsawa sai mun waiwayi tarihi, gama waiwaye adon tafiya ne.

Da fari dai mu sani, a zamanin da babu wani rabo tsakanin mai ganye da likita, gama likitan da kansa mai ganye ne. Ibnul Baiɗar, mutumin Andalus wanda ya rasu a 1248, ya yi ta yawo ƙasa ƙasa yana tara sanin tsire-tsire, har ya rubuta littafi mai ɗauke da magunguna da abinci wajen iri 1,400. Kafinsa Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya shimfiɗa sharuɗɗan gwada magani a cikin littafinsa Alƙanun. Daga cikinsu akwai cewa maganin ya zama tsantsa ba gauraye, a gwada shi a kan ciwo guda, kuma kada a gaskata amfaninsa sai an ga ya yi aiki sau da yawa. A ƙasarmu ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi sarauta daga 1817 zuwa 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na ciwon ido da na basur da amfanin filasko. Ban da malamai, ga wanzamai da maɗora da ungozomomi da maharba da 'yan mai ganye, kowa da fannin da ya gada. Sanin nan ba abin rainawa ba ne, don an tara shi ne da lura ta shekaru aru-aru.

Yadda ganye ya zama kishiyar likita kuwa, labarinsa ya fi fitowa fili a ƙasar Ingila. A 1518 aka kafa ƙungiyar likitoci a birnin Landan, aka ba ta ikon hana kowa yin magani sai da izninta. Littattafansu duk da Latinanci su ke, harshen da talaka ba ya ji, ladansu kuma ya fi ƙarfin mai ƙaramin hali. Abin ya tsananta har a zamanin Sarki Henri na Takwas, wajen 1543, aka yi doka mai ba duk wanda ya san ganye da saiwa damar yi wa maƙwabcinsa maganin gyambo da makamantansa. Bayan shekara ɗari sai ga wani mai haɗa magunguna, sunansa Nikolas Kalpepa. A 1649 ya ɗauki littafin magunguna na ƙungiyar nan ya juya shi zuwa Turancin da kowa ke ji. Likitoci suka yi fushi ƙwarai, don ya tona abin da su ke ci da shi. A 1652 ya ƙara da nasa littafin, inda ya nuna wa talakawa tsire-tsiren da ke bayan gidajensu. Niyyarsa kyakkyawa ce, amma ya gauraya aikinsa da duban taurari, kowane ganye ya ba shi tauraronsa, bai kuwa taɓa ƙirga mutum nawa suka warke, nawa suka mutu ba.

A Amurka ma haka. Likitocin wancan zamani sun yi imani da tsaga jijiya a zubar da jini, da kuma ɗura wa majinyaci maganin da aka haɗa da zaiba, har haƙoransa su yi ta girgiɗi. A watan Disamba na 1799 Joj Washinton, shugaban ƙasar na farko, ya kwanta da ciwon maƙogwaro. Cikin yini guda aka zubar masa da jini wajen lita biyu ko fiye, kafin tsakar dare ya cika. Ganin irin wannan aiki ya sa wani manomi, Samuwel Tomsin, ya fito da hanyarsa ta ganyen amai da barkono da sirace, ya sami takardar mallakarta a 1813, jama'a kuwa suka bi shi dubbai. Ba wauta ce ta kai su ba. Mutumin da aka bari da sirace da barkono ya fi wanda aka tsiyaye wa jini damar tashi, ko da siracen bai yi masa kome ba. Ashe ke nan abin da ya kori mutane daga ƙofar likita tun farko tsada ce da girman kai da ɓarna. Wannan gaskiya ce da ya kamata kowane likita ya riƙa tunawa.

To, me ya fid da likitoci daga wannan duhu? Awo da ƙirga ne suka fid da su. A 1775 wani likitan Ingila, Wiliyam Widarin, ya ji labarin wata tsohuwa mai haɗin da ke warkar da kumburin jiki, bayan likitoci sun kasa. Bai ce tatsuniyar tsofaffi ce ba. Ya nemi haɗin, ya tarar ganye ne iri ashirin ko fiye, ya gane guda ɗaya ne a cikinsu ke aikin, wani tsiro mai fure kamar ƙararrawa. Shekara goma ya yi yana busar da ganyen, yana daka shi, yana aunawa, yana rubuta labarin majinyata fiye da 150, da waɗanda suka warke da waɗanda ba su warke ba. A 1785 ya buga abin da ya gani, ya nuna cewa kaɗan daga ganyen yana ƙarfafa zuciya, in an zarce kuwa sai amai da mutuwa. Har yau akwai maganin zuciya da a ke samu daga dangin tsiron nan. Haka kuma a 1835 wani likitan Faransa, Piya Luwi, ya ƙirga masu ciwon huhu da aka zubar wa jini, ya ga lissafi bai goyi bayan al'adar ba. Sannu a hankali aka bar ta.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na zazzaɓin cizon sauro. A duwatsun ƙasar Peru da maƙwabtanta akwai wani itace mai ɗacin ɓawo kamar maɗaci. Tun wajen shekarun 1630 aka fara kai ɓawonsa Turai don maganin zazzaɓi. Yana aiki, amma ba kullum ba, domin ƙarfin wannan itace dabam da na wancan, ga 'yan kasuwa suna yi masa algus. Sai a 1820 waɗansu masana biyu a birnin Faris suka tace ainihin abin da ke cikin ɓawon, watau kwinin, aka sami damar auna shi a ma'auni. Dubi bambancin da wannan ya kawo. A 1841 Turawan Ingila suka shigo Kwara da jiragen ruwa, zazzaɓi ya kashe musu mutum fiye da 40. A 1854 Dokta Baiki ya shigo, ya hau Binuwai, yana ba mutanensa kwinin kowace rana bisa awo, suka koma ba wanda ya mutu. Ba na ɓoye muku cewa kwinin ɗin nan yana cikin abin da ya share wa Turawa hanyar cin ƙasashenmu. Amma laifin yana wuyan masu kwaɗayin mulki, sassaƙen kuwa ya ci gaba da ceton rayuka, har da na jikokin waɗanda aka ci da yaƙi.

Da aka yi shekaru, ƙwayar cutar ta fara jure wa magungunan da aka saba. A 1969 gwamnatin ƙasar Sin ta ɗora wa wata masaniya, Tu Yuyu, aikin neman sabo. Ita da abokan aikinta suka tattara haɗe-haɗen gargajiya fiye da 2,000. Wani tsiro ɗan'uwan tazargade ya yi kamar zai yi, amma yau ya yi aiki gobe ya ƙi. Ta koma ga littafin wani malami, Ge Hong, wanda ya rayu shekara fiye da 1,600 da suka wuce, ta lura shi jiƙa ganyen ya ke a matse ruwan, ba ya dafawa. Nan ta gane ashe zafin wuta ne ke lalata maganin. A 1971 ta tace shi ba tare da zafi mai yawa ba, ya kashe ƙwayar cutar a jikin dabbobi. Kafin a ba kowane majinyaci, ita da abokan aikinta suka fara sha da kansu don a ga ko zai cutar. Daga nan aka sami maganin zazzaɓin da a ke bayarwa a asibitocinmu yau, ita kuma aka ba ta lambar Nobel a 2015. Duk da haka, a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kada a dogara ga shan ganyen nan kamar shayi. Dalili kuwa, ba wanda ya san ƙarfin abin da ke cikin kofinsa, in ya gaza kuma sai ƙwayar cutar ta tsira, ta koyi jure wa maganin, a cuci duniya baki ɗaya.

Akwai masu cewa ai ganye daga ƙasa ya fito, in bai yi magani ba ba ya cutarwa. Maharbin da ke dafa dafin kibiya da tsiron daji ya san wannan magana ba ta da tushe. A ƙasar Beljiyam, a farkon shekarun 1990, aka ba mata wani haɗin ganye na rage ƙiba. Sunayen saiwa biyu sun yi kama, aka sa wadda ba ita ba, mata wajen 100 suka sami ciwon ƙoda, da yawa ƙodarsu ta mutu sarai. Kada kuma wani ya ce kwalba da hatimi su ne tsira. Tsakanin 1957 da 1961 an sayar da wata ƙwaya a Turai da waɗansu ƙasashe, mata masu ciki suka sha don laulayi, aka haifi jarirai fiye da 10,000 da nakasar hannu da ƙafa, don ba a gwada ta yadda ya kamata ba. A nan Nijeriya ma, daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, yara 84 suka rasu saboda wani maganin haƙoran yara da guba ta shiga cikin haɗinsa. Duk inda aka yi sakaci da awo da gwaji, ko a bukka ko a masana'anta, sakamakon ɗaya ne.

Wani zai ce, to ni na sha jiƙon sabara na warke, wa zai ƙaryata ni? Ba mai ƙaryata ka, ka sha, ka kuma warke. Sai dai ka tuna yawancin ƙananan ciwace-ciwace, kamar mura da ciwon kai da ɓacin ciki, jiki ne ke korarsu da kansa cikin 'yan kwanaki. Zazzaɓi ma halinsa ne ya sauka ya sake tasowa. In mutum ya sha abu a daidai lokacin saukarsa, faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Wanda ya warke shi ke yawo kasuwa yana yabon magani, wanda bai warke ba kuwa yana kushewa, ba a jin shaidarsa. Don haka ne a ke ƙirga duka biyu. Babba wanda ya saba da zazzaɓi ya kan iya jurewa ya tashi, amma yaro ƙarami ba shi da wannan garkuwa, cikin kwana ɗaya ko biyu cutar ta kan shanye masa jini ko ta hau kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 608,000 zazzaɓin nan ya kashe a 2022, kusan sulusinsu a Nijeriya, mafi yawansu kuwa yara ne da ba su kai shekara biyar ba. Alhali da ɗigon jini daga yatsa a kan gane cutar kafin a gama shan fura, maganinta kuma na kwana uku ne.

Ban manta da uzurin talaka ba. Ga mutum a ƙauye, tsakaninsa da asibiti tafiyar rabin yini, damina ta cinye hanya. In ya isa ya bi layi, wataƙila a daka masa tsawa, a ƙarshe a rubuta masa takarda a ce ya je ya saya. Mai maganin garinsu kuwa ya san sunansa da na ubansa, zai zauna ya saurare shi, ladansa kaza ce ko damin gero bayan an ga sauƙi. Wanda ya zargi mutumin nan da jahilci bai yi masa adalci ba. Nauyin yana kan hukuma da ta bar shi nesa da magani, da ma'aikacin da ya manta cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Majinyaci ba ciwonsa kaɗai ya ke kawowa ba, yana tafe da tsoro, kuma wanda ya kwantar masa da hankali ya yi masa rabin jinya. A wannan fanni likita yana da abin koyo wurin mai ganye.

Amma uzurin talaka ba ya wanke mai magani. Malaman fiƙihu sun daɗe da yanke hukunci cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da sanin aikin ba, in ya yi ɓarna shi ke da lamuni. Amana ta farko a kan mai magani ita ce ya san iyakarsa, ya kuma faɗe ta. Maɗori na ƙwarai in ya ga ƙashi ya huda fata, ko yatsu sun fara baƙi, ya kan ce a tafi asibiti. Ungozoma ta ƙwarai in naƙuda ta kwana ta yini, ko jini ya ɓalle, ba ta tsayawa jiran jiƙo. Wannan ba ya rage musu daraja, ƙara musu ya ke yi. Wanda ya ci amana shi ne mai tsayawa bakin kasuwa da lasifika, yana rantsuwa kwalba guda tana maganin basur da hawan jini da ciwon sukari da rashin haihuwa. Ko da ruwan kwalbar bai cutar ba, ya sace wa majinyaci abin da ba ya dawowa, watau lokaci. Ku lura kuma, lambar hukumar NAFDAC da a ke bugawa a jikin yawancin magungunan ganye tana nuna an duba tsabtarsu da rashin guba ne, ba shaida ce cewa suna warkar da abin da aka zana a takardar ba.

Amana ta biyu ita ce kada a ɓoye sani. Laifin da aka ga likitocin Landan da shi, na kulle magani cikin harshen da ba a ji, shi ne laifin tsohon da ke zuwa daji da dare don kada a ga itacen da ya sassaƙa. In ya mutu sanin ya bi shi kabari, in kuma akwai kuskure a ciki ba mai gyarawa. Ga misalin abin da buɗewa ke haifarwa. A cikin shekarun 1990 wani limamin coci a ƙasar Oyo, Fol Ogunyale, ya miƙa wa cibiyar binciken magunguna ta Abuja haɗin da ya ke ba masu amosanin jini, bisa yarjejeniyar cewa yana da rabo a cikin amfanin. A cikin haɗin akwai masoro da kanumfari da karan dafi, abubuwan da kowace matar Bahaushe ta sani. Aka auna, aka gwada a kan majinyata, aka ga yana rage musu yawan tashin ciwon, aka sa masa suna Niprisan. Bai kawar da cutar ba, masu binciken kuma ba su ce ya kawar ba. Sunan mai haɗin ma ya shiga tarihi.

Sauran amana tana kanmu, mu masu jinya. Babba mai hankali yana da ikon zaɓa wa kansa abin da zai sha, ya ɗauki sakamakon. Yaro kuwa bai zaɓa ba, uba da uwa ne suka zaɓa masa, su za a tambaya. Saboda haka in yaro ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana amayar da duk abin da aka ba shi, ko yana jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa, babu sauran gardama, a nufi asibiti ko da tsakar dare ne. In an je kuma a gaya wa likita gaskiyar abin da aka riga aka ba shi a gida, don wani ganye ba ya jituwa da wata ƙwaya.

Ku kuma da kuka yi yaƙi da jahilci kuka ci nasara, akwai aikin da alƙalaminku zai yi wa ƙasa. A kowane gari akwai tsoho ko tsohuwa da suka san daji. Ku zauna da su cikin ladabi, ku nemi izninsu, ku rubuta sunan itacen, da ko saiwa ce ko ɓawo ko ganye, da lokacin ɗiba, da yawan abin da a ke sha, da sunan wanda ya koya muku don kada haƙƙinsa ya salwanta. Ku rubuta wanda ya sha ya warke, kada kuma ku ji nauyin rubuta wanda ya sha bai warke ba. Da ba don Ge Hong ya rubuta yadda ya ke jiƙa ganyensa ba, da Tu Yuyu ba ta sami abin dubawa ba. Wa ya sani ko a cikin marke da hano da sabarar da mu ke wucewa kullum akwai abin da jikokinmu za su gode mana a kansa? Ba a sani sai an rubuta, an auna, an gwada.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa masu yi musu magani, na gida da na asibiti, su riƙe amana. Amin.